Hakkin Gloria da Hannuna na Hagu

Ni, Matthew Tagwai, tsohon kansila, mazaunin Romi, ina rubuta wannan da hankalina garau. Jiki ne ya gaji, kai bai taɓu ba. Da hannuna na dama na rubuta, shi kaɗai ya rage mai jin maganata, don haka kada wani ya tashi gobe ya ce an rubuta wa Baba ne. Likita ya faɗa mini gaskiya a kan zuciyata, ni ma ina ji a jikina. 'Ya'yana, Benson, Gloria da Sam, da ku nake.

1. Gidan Romi naku ne ku uku, ba na sayarwa ba ne. Ɗakin bakin ƙofa na Sam ne, tunda babu matakala. Duk dillalin da ya zo da maganar a rushe a yi shaguna, ku nuna masa hanya.

2. Gonar Kakau ta Gloria ce ita kaɗai. Benson, na san za ka yi tsalle ka ce yaushe aka fara ba 'ya mace gona a wurinmu. Zauna ka karanta har ƙarshe.

Shekara tara ke nan ƙanwarka ba ta taka gidan nan ba, kuma ni na kore ta. Kun tuna, ina neman tikitin majalisar jiha, saura sati biyar zaɓen fid da gwani, ɓarin jikina na hagu ya shanye ina cikin aske gemu. Muka ƙulla a gida cewa na tafi Jos ganin manya. Na san mutanenmu sarai: za su zo duba mara lafiya da ayaba da waƙoƙi, amma ƙuri'a sai mai tsalle ya hau bayan mota. Ita kuwa Gloria, da ta ga ubanta yawu na zuba a bakinsa, sai ta rubuta sunana a takardar roƙon addu'a ta zumuntar mata. Ran Lahadi aka karanta a gaban ikilisiya, a sujadar Hausa da ta Turanci. Kafin la'asar babu inda labarin bai kai ba. Da na faɗi zaɓe na ce ita ta kashe ni, kuka yarda, har uwarku ta koma ga Ubangiji da wannan ciwon a ranta.

To, ƙarya na yi muku. Ga abin da ya faru.

Na koyi tafiya ba sanda, na sa tela ya zurfafa aljihun rigunana, ina cusa mataccen hannun a ciki. Saura kwana biyu zaɓe muka yi taro da daliget, wakilan da za su jefa ƙuri'a, a gidan shugaban jam'iyya. Benson, kai kana mota kana jirana. Na tsaya gabansu na rantse da sunan Allah cewa zazzaɓi ne kawai, maganar shanyewar jiki sharrin 'yan adawa ce. Aka yi tafi. Sai aka zo ɗaga hannun ɗan takara kamar yadda aka saba. Na shirya in miƙa na dama, amma shugaba ya zagayo ta hagu, ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗaga sama, ya saki. Hannun ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma, yana lilo, na kasa mai da shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alhaji Ɗahiru na Unguwar Mu'azu, abokina a jam'iyya, shi ya faɗa mini daga baya cewa wasu daliget ɗin sun guje ni ne don tsoron in mutu a kan kujera ta koma wata unguwa, sauran kuwa rantsuwar ce ta kore su. Yana raye, ku je ku tambaye shi. Ranar taron nan na shiga mota na ɓoye maka abin da ya faru, Benson. Ya fi mini sauƙi in ɗora wa yarinya da in ce hannuna ya tona ni.

3. Sam, na ji kana son tsayawa kansila, kuma yayanka ya ba ka shawarar a yi fosta daga ƙirji zuwa sama, a ɓoye sandunanka. Haba Benson! Wa ke Romi da bai san shan inna ta taɓa shi tun yana ɗan shekara uku ba? Ka fito da sandunanka a hoto, ɗana. Ba zan yi maka daɗin baki ba, mai yiwuwa ka faɗi. Za su ce wanda bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba ta yaya zai tsaya wa unguwa, su zaɓi ɓarawo mai ƙafa biyu, gobe su zo suna kukan kwata ta toshe. Na ga haka da idona, yana kuma ƙona mini rai. Amma in za ka faɗi, ka faɗi ba ka rantse a kan ƙarya ba, kuma kada ka dawo gida neman wanda za ka ɗora wa.

4. Buhunan tsofaffin fostocina da ke sito ku ƙone su. Ranar jana'izata ba na son 'yan siyasa su karɓe lasifika. Fasto ya yi wa'azi a taƙaice, a rufe ni kusa da uwarku.

5. Wannan ne mai nauyin. Kada ku jira in mutu kafin a karanta takardar nan. Benson, yau ɗin nan ka kai wa Gloria da ƙafarka, ban da waya, ban da aike. Tafiyar minti ashirin ce a keke, ni na mai da ita shekara tara. Ka nemi gafararta a kan naka, ni ga nawa a rubuce. Gloria, 'yata, na zalunce ki. Gona ba ta biyan wannan, na sani. Ba na tilasta miki ki yafe mini, amma 'yan'uwanki ni na ɓatar da su, kada ki riƙe su da laifina.

Ubangiji ya albarkace ku, ya tsare ku, ya ba ku 'ya'yan da ba za ku yi musu abin da na yi ba. Ku riƙe juna, ku ci Kirsimeti a gida ɗaya, kada siyasa ta sake raba ku ko da Sam ya zama gwamna. Idan kuwa Gloria ta iso ta tarar na tafi, ku faɗa mata na sani tun tuni: addu'ar nan da ta roƙa mini ce ta ba ni shekara taran da na ƙarar ina fushi da ita.

Ubanku,
Matthew Tagwai