Fatalwar Ƙarfe Biyu

Leith, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Ishbel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Stromness baki ɗaya. Ya ƙafar taki da wannan sanyi? Ina fata kina shafa man da likita ya ba ki, ba ajiye shi kika yi a taga kina kallo ba, don na san halinki. Da kunnenki na jin waya da na kira ki, amma wannan magana ba ta ihu ba ce, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, na yi miki ƙarya, na yi wa mijina Wattie ƙarya. Aikin da na samu bara ba sayar da tikiti ba ne. Ni ce fatalwar. Kada ki yi dariya.

Kin san ɗakunan nan na dutse da ke ƙarƙashin gada, inda ake kai baƙi zagaye ana ba su tsoro. Jagoranmu Innes ne, wani ƙato mai kaurin murya, wanda ya so ya zama ɗan wasan kwaikwayo Allah bai yi ba. Yakan sauka da mutum ashirin, da alkyabba da kyandir ɗaya, ya cika musu kunne da labarin masu satar gawa. In sun kai ɗaki na ƙarshe sai ya hure kyandir. Ni kuwa ina lungu bayan baƙin labule, cikin tsumma, fuska ta sha farar hoda ko da wani zai haska waya. Sai in fito da safa kawai don kada a ji takuna, in shafi gashin wannan, in ja rigar wancan, su yi ta ihu, in koma kafin Innes ya buga sandarsa a ƙasa ya ƙyasta ashana. Doka biyu ce: taɓawa ake yi ba kamawa ba, kuma kada kowa ya san akwai ni. Mace mai shekara hamsin da tara! Kunya ce ta hana ni faɗa. Amma tun da 'yarmu Rhona ta rasu, can ne kaɗai wurin da ba mai kallon fuskata ya ce mini ya haƙuri.

Kin dai ga yadda Wattie ya koma shekara biyun nan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas yana tsokanar fasinja, yanzu daga kujera sai taga. To ranar Talata na manta tabarauna a gida, ban san abin da ya taɓa shi ba ya biyo ni da shi. A wurin tikiti suka ce masa na fita cin abinci, haka aka umarce su. Ana ruwa kuma. Innes bai san shi ba, ya ga dattijo a jiƙe, sai ya ce masa ya bi zagayen ƙarfe biyu kyauta kafin in dawo.

Da aka kashe kyandir na fito kamar kullum, sai na ji tarinsa. Tarin nan nasa mai zuwa biyu-biyu, ko cikin mutum dubu na san shi. Hannuna da kansa ya tafi. Na kama ƙaramin yatsansa na hagu. Ki tuna yadda Rhona ke riƙe shi, tun tana koyon tafiya har ranar ƙarshe a gadon asibiti. Wallahi ban yi niyyar komai ba. Ai a wurina ta koya, haka nake riƙe shi tun yana nemana da aure, shi ne ya manta.

Da na koma gida na tarar ya aske gemu, ya sayo kifi da soyayyen dankali, har ya cinye nasa. Ya ja mini kujera ya ce, "Senga, zauna. Rhona tana can ƙasa. Ta riƙe mini yatsa."

Murmushi yake yi, Yaya. Rabona da ganin haƙoransa har na manta. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ji kaina ina cewa ya sha shayinsa kada ya huce.

Ki gaya mini abin da zan yi. Ki gai da maƙwabciyarki mai kawo miki wasiƙa.

Ƙanwarki,
Senga

Leith, 28 ga Nuwamba

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. An ce iska ta hana jirgin ruwa tashi kwana uku, ina fata kina da isasshen gawayi. Wasiƙarki ta iso, da faɗanki duka. Kin ce in zaunar da shi in faɗa masa gaskiya tun abin bai yi nisa ba. Daga Stromness abin da sauƙi. Ki tsaya ki ji.

Kullum yana zuwa. Ƙarfe ɗaya da rabi yana bakin ƙofa da kwat ɗinsa mai kyau, tun kafin baƙi su taru. Ya haddace labaran Innes har yana motsa baki tare da shi. Yana tsayawa wuri ɗaya, kusa da labulena, hannun hagu a sake. Ni kuma kullum ina kamawa. Na taɓa gwada ƙin fitowa rana ɗaya. Ya dawo gida bai cire takalmi ba, ya wuce ɗakin Rhona ya zauna bakin gado, abincinsa ya kwana a tebur. Washegari na kama.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ma jiran ƙarfe biyun nake yi. Shekara biyu muna gado ɗaya kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ko kafaɗata bai dafa ba ranar jana'iza. Yanzu ina samun hannun mijina na ɗan lokaci a cikin duhu, ga warin danshi, ga baƙi na ihu a kunnena, kuma ina komawa bayan labule ina murna kamar yarinya. Ki zage ni, na cancanta.

Sannan ya fara yi mata magana. A hankali, cikin ihun mutane, ba mai ji sai ni. Yana ba ta haƙuri da bai kai ta asibiti da wuri ba. Yana ba ta labarin tsuntsayen da ke zuwa taga. Ranar Juma'a ya ce mata, "Mamanki ta fi ni ƙarfin hali, ta warke, har aiki take zuwa. Ni ne na kasa." Na warke! Ni da nake kuka a bas kullum, in share ido kafin in sa mabuɗi don kada in ƙara masa nauyi. Saura kaɗan in yi magana. Na ciji leɓe har ya yi jini.

Duk wannan ba shi ne ya tayar mini da hankali ba. Shekaranjiya ina neman safar hannunsa a aljihun tsohuwar rigar aikinsa, sai ga ƙwayoyin maganin zuciyarsa a ƙulle cikin hankici. Ƙwayoyin kwana goma sha ɗaya ne. Kullum a gabana yake kai hannu baki ya kora da ruwa, ashe a tafinsa yake bari. Na zube su a tebur na tambaye shi. Ko a jikinsa. Ya ce Rhona kiransa take yi. Wai a ƙarshe kullum sai ta ja shi, ta ja shi da ƙarfi, sannan ta saki, shi kuwa ba zai bari magani ya riƙe shi a nan ba alhali 'yarsa na tsaye cikin sanyi ita kaɗai.

Kin gane abin da ke faruwa? Ni ce nake ja. In na ji sandar Innes dole in koma kafin haske, shi kuma yana damƙe ni, sai in fizge. Fizgewata ce ya mayar kira.

Nan take na faɗa masa komai. Na ɗauko tsummar daga jaka, na ɗauko gwangwanin hoda, na ajiye a gabansa. Ya dube su, ya dube ni da tausayi kamar ni ce marar lafiya. Ya ce ya yarda ina aiki a can, wataƙila ma ni ke jan rigunan mutane, amma shi ya san hannun 'yarsa. Ya ce dabara ce na yi don ya sha magani, kuma bai ga laifina ba. Na ce ya ba ni hannu yanzu in nuna masa. Ya ɓoye shi a ƙarƙashin tebur ya ce wannan yatsan ba nawa ba ne.

Na kira likita, ya ce ba a ɗura wa babban mutum magani, sai dai in lallashe shi ya zo a duba shi. Ya ƙi zuwa. Jiya da suna hawowa daga ƙasa, Innes ya ce sau biyu Wattie ya tsaya a matakala yana riƙe bango, leɓensa ya canza launi. Na faɗa wa Innes ko wane ne shi. Ƙaton nan ya zauna a kan akwati, ya ce zai sa a daina sayar masa da tikiti. Na ce kada ya soma. In aka rufe masa ƙofa, ta wata hanya zai nemi zuwa wurinta, kuma kin san wace hanya ce.

In na kama, yana tafiya. In na ƙi kamawa, yana tafiya. Na rasa inda zan sa kaina, Yaya. Ki yi mana addu'a, ke da kike zuwa coci har yanzu.

Taki,
Senga

Leith, 9 ga Disamba

Yayata,

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya sanyi? Ki yafe mini rubutun nan.

Na yi shi. Washegarin ranar da na aika miki wasiƙa, a zagayen ƙarfe biyu. Ban gaya wa Innes ba don kada ya hana ni. Ya hure kyandir, na fito, ban taɓa kowa ba, na tafi kai tsaye wurin Wattie na kama yatsan. Ya fara yi mata magana, wai ta ƙara haƙuri kaɗan ya kusa. Na ji sanda ta bugi ƙasa. Duk jikina ya ce in gudu. Na tsaya, na ƙara damƙewa da hannu biyu.

Innes ya ƙyasta ashana.

Baƙi suka ga tsohuwa da farar fuska a tsakiyarsu, suka kurma ihu, sannan suka fashe da dariya. Sun ɗauka cikin wasan ne. Har tafi suka yi mana, wata ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Wattie bai ji su ba. Hannun ya fara kallo, ya bi shi da ido har zuwa fuskata.

Ya ce, "Tun ranar farko?"

Na ce tun ranar farko.

"Duk abin da na faɗa mata?"

"Na ji duka."

Ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba fushi. Ya juya ya nufi matakala. Na bi shi haka da tsummata da safa, har titi, cikin rana tsaka, mutane na kaucewa. Muka shiga bas ɗaya. Ya zauna gaba kusa da direba, ni a baya, hoda na narkewa tana shiga mini ido.

A gida ya zauna a tebur da kwat ɗinsa. Na ajiye ƙwaya ɗaya da kofin ruwa a gabansa, na tsaya, na rantse a raina ba zan gusa ba ko za mu kai gobe. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ashe ba ta ko'ina, Senga." Na ce ba ta can ƙasa dai. Ya sa ƙwayar a harshe, ya buɗe mini baki in gani, ya haɗiye. Daga nan ya kife kai a tebur ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta. Na miƙa hannu zan dafa shi, ya janye kafaɗa.

Yau kwana goma. Yana shan maganin, jiya ma ya yarda muka je wurin likita, ya ce bugun ya fara daidaita. Aikin na bari, Innes ya zo har gida da kek ya kasa shigowa, ya ajiye a bakin ƙofa. Wattie bai zage ni ba, bai tambaye ni dalili ba. Da ma ya zage ni. Na ce masa ni ma ban warke ba, na ce masa ni ma na yi kewarsa shi ya sa na kasa dainawa. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani.

Ki zo, Yaya. Na san ƙafarki, na san jirgin ruwa a Disamba, amma ki zo. Wattie yana jin maganarki tun da can, kuma ni gidan nan ya fi ƙarfina. Zan gyara miki ɗakin Rhona, in ya yarda.

Yana raye. Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni. Amma in na miƙa masa shayi, sai ya jira na ajiye kofin a tebur na ɗauke hannuna, sannan ya ɗauka.

Ki gai da kowa. Ki rubuto mini ranar da za ki taso.

Ƙanwarki mai jiranki,
Senga