Akwatin Sana'ar Baba Dankure

Argungu, Asabar

Zuwa ga ɗiyata Humaira,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lahiya. Innarki Fatu na gaishe ki. Wayata ta tahi da ambaliya, shi ya sa na ba direba takarda.

Kin san ruwa ya cinye shinkafarmu ta fadama kaf. An liƙa sunayen manoman da za a ba iri da taki na noman rani, na duba har idona ya yi ja, babu ni. Dikko maƙwabcinmu, da gonarshi ba ta kai rabin tawa ba, yana ciki. An ce a ofishinku ake shigar da sunaye. Ɗiyata na riƙe da komfutar, a ce babu ni? Ki duba mini.

Mahaifinki,
Dankure

Birnin Kebbi, Litinin

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, tare da Inna. Na samo sunanka a komfuta. Baba, da masu rajista suka tambayi sana'arka, me ka ce musu? An sa maka masunci.

A fom ɗin akwai ɗan akwati, in an danna sai jerin sana'o'i ya sauko, a zaɓi ɗaya tal. Da aka zaɓi masunci, gurbin gona ya rufe kansa. A wurin komfuta ba ka da ko taƙi. Na danna akwatin in mai da kai manomi, ya yi fari fat, ya ƙi buɗewa. Na kashe na kunna, na sauya komfuta, na shiga da lambar shugabana Malam Izzuddeen, duk ɗaya. Wanda ya haɗa manhajar kwangilarsa ta ƙare, ba ya ɗaukar waya. Ranar Alhamis za a rufe rajista. Wallahi raina ya ɓaci, ban san inda zan taɓa ba kuma.

'Yarka,
Humaira

Argungu, Talata

Humaira,

Gaisuwa. To me zan ce musu? Ubana da homa da gora na kamun kihi aka san shi, kakana ma haka. In tsaya gaban yaran gwamnati in ce ni ba masunci ba ne? Su ba su ce in hwaɗi biyu ba. Kuma wa ke Argungu da sana'a ɗaya? In ruwa ya kawo, mu kama kihi, in ya janye, mu shuka. Wanda ya ƙera wanga akwati bai taɓa shan ruwan Rima ba.

Fadama ta hwara bushewa. In ba iri cikin wagga dama, bana ba mu da abinci, kin san rumbu ba komi. Dikko har ya gyara injin ban ruwa, ni ina zaune ina kallo. Ki sake taɓawa, don Allah.

Mahaifinki

Birnin Kebbi, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa. Na gwada sake yi maka rajista, komfuta ta ce lambar katinka tana ciki. Na gwada sa Inna, ta ce gida ɗaya mutum ɗaya. Sai an cire ka tukuna.

Wurin cirewa ma akwati ne, na zaɓen dalili. Ya kamata ya nuna kuskure, ko ƙaura, ko rasuwa. Shi ma ya lalace. In na danna, abu ɗaya ke saukowa: ya rasu. In na zaɓa, fom zai buɗe wa magaji, sai in sa Inna manomiya, iri ya zo. Amma sunanka ba zai sake shiga ba. Malam Izzuddeen ya ce shi bai gani ba, bai ji ba.

Tun safe nake kallon kalmar nan. Baba, ba zan iya ba.

Humaira

Argungu, Alhamis da safe

Ɗiyata,

Na karanta wa innarki, ta yi kuka ta ce a bar irin. Kuka ba ya cika rumbu. Ran da Allah ya rubuta ba komfuta ka sa ta ba. Ni na ce ki danna, ba laihinki. Ki rubuta gonar daidai, har gehen da ke bakin gulbi. Allah shi yi miki albarka.

Mahaifinki Dankure, masunci kuma manomi

Birnin Kebbi, Alhamis

Baba,

Na danna. Har komfutar ta tambaye ni ranar rasuwa, na sa yau. Iri zai fito da sunan Inna.

Don Allah ka ari wayar Baba Dikko ka kira ni da zarar takardar nan ta iso. Ba wata magana, muryarka kawai nake son ji.

Humaira