Ranar da Auta Ta Tsaya Gaban Kwamiti

Lahadi

Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kwana goma sha biyu yana dafa wa kansa shayi. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya mai jego da ɗan baƙon namu? Ki ce wa mijinta na ga hoton, kunnuwan nan nawa ne, kada danginsa su fara gardama.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Maganar ba ta waya ba ce, kuma kin san ni, sai da biro bakina yake buɗewa.

Kin tuna wata huɗun da Auta ta yi tana fita da sassafe, ta dawo ba ta cewa uffan, har kika fara zargin wani saurayi ne ya ɓata mata rai? To ba saurayi ba ne. Da majalisa ta yi dokar da ta ba ofishin Babban Odita damar shiga Babban Banki ya duba littattafansa, mutum biyar aka tura, 'yarki na ciki. Shekara da shekaru bankin yana cewa shi mai cin gashin kansa ne, ba mai leƙa masa ɗaki. Yanzu an leƙa, rahoton kuma ya iso kwamitin da ke sa ido a kan bankin. Ranar Laraba za a zauna a ɗakin taro na uku, inda ni ne mai rubuta bayanan zama.

Na je wurin shugabar sashenmu na gaya mata ɗaya daga cikin masu binciken 'yata ce, a ba wani aikin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce mutum biyu suna hutu, na uku yana asibiti, kuma ai ogan Auta ne zai yi bayani, ita miƙa fayil kawai za ta yi. Ta sa na rubuta cewa na sanar, ta sa hannu.

Yarinyar tana cin abinci, kada ki damu. Sai dai jiya ta goge mini riguna biyar ban roƙe ta ba, daga nan na gane hankalinta ba a kwance yake ba. Ban tambaye ta abin da ke cikin rahoton ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ki sa ta a addu'a.

Ki gaida mutanen gidan duka.

Mijinki,
Akawu

Alhamis

Malama,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin kwana lafiya, ke da masu jinyar juna. Ki nemi kujera kafin ki ci gaba da karantawa.

Jiya tun ƙarfe tara ɗakin ya cika. 'Yan majalisa goma sha biyar a dogon teburi, 'yan jarida a jikin bango, ni a ɗan teburina kusa da rikoda. Gwamnan bankin bai zo ba, ya turo mataimakinsa da lauyoyi shida, kowa da jakarsa. Ana shirin farawa sai ga saƙo wai hawan jinin ogan Auta ya tashi, likita ya hana shi fita. Babban Odita ya juya ya dubi sauran huɗun da ke bayansa. Uku suka shiga gyaran takardunsu. Sai na ga 'yarki ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta zo ta zauna gaban makirfon ɗin nan mai yawan ƙara.

Ga abin da suka gano. Takardun kuɗin da suka tsufa suka yage, bankuna suna mayar da su Babban Banki, a zuba a buhu, a ƙona su a wani inji da ke ɗakin ƙasa, manya uku su sa hannu cewa sun gani da idonsu. Takardun bankin sun ce a wata huɗu na bara an ƙona buhu ɗari shida da arba'in. Ashe a watannin nan injin a lalace yake, ana jiran kayan gyara daga waje. Auta ce ta sauka ɗakin da kanta, ta samo katin aikin makanikin, ta karanta mitar wuta, ta ga ba ta motsa ba. Daga baya kuma lambobin wasu takardun da aka ce sun zama toka suka sake dawowa daga kasuwa.

Muryarta ta ɗan yi rawa da farko, irin ta ranar da ta karanta jawabi a makarantarku. Kafin shafi na biyu ta daidaita.

Mataimakin Gwamna ya bari ta gama, ya yi murmushi, ya ce harkar Babban Banki tana da zurfi, ya tambaye ta shekararta nawa a aiki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekarata uku. Mitar wutar ɗakin kuwa shekararta goma sha ɗaya, kuma ita ce ta ce injin bai tashi ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ƙa'idarmu ta ce idan an yi dariya a rubuta an yi dariya, kuma ban taɓa jin daɗin rubuta kalmar nan kamar jiya ba. Ban ɗaga kai ba, Malama. Na san idan na dube ta fuskata za ta tona ni.

Wata 'yar majalisa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta tambayi su wa suka sa hannu. Lauyoyin suka miƙe gaba ɗaya, amma kafin shugaban kwamiti ya buga gudumarsa Auta ta karanta sunayen uku. Sun shiga rikoda, sun shiga littafina.

Da muka dawo gida ta ci abinci faranti biyu ta yi barci a kujerar falo da takalminta. Na bar ta.

Naki har kullum,
Akawu

Asabar, bayan mako biyu

Malama,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, kuma jaririn ya fara gane muryarki. Kin yi fushi na yi shiru. Ki yi haƙuri, ban so in rubuto miki rabin labari ba.

Washegarin wasiƙata ta biyu, mai taimaka wa shugaban kwamiti ya shigo ofishina ya rufe ƙofa. Ya gaishe ni har da tambayar ki, ya ce ya ji saura wata bakwai in yi ritaya, ya ce takardun fansho kan yi jinkiri amma akwai masu sa baki. Ya yaba wa Auta, ya ce yarinya mai gaba ce, kada a bari ta yi maƙiya tun yanzu. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi: shafin da sunayen suke, a taƙaita shi, a ce kawai an ambaci wasu jami'ai.

Ba zan ɓoye miki ba, sai da na tsaya na yi lissafi. Na tuna rufin ɗakin baya da ba mu ƙarasa ba. Na tuna abokaina da suka yi shekara uku suna zirga-zirgar fansho. Sai kuma na tuna yarinyar nan ta miƙe lokacin da manyanta suka sunkuyar da kai, ni ubanta a ce da hannuna zan goge abin da ta faɗa. Na ce masa, "Yallaɓai, abin da kunnena ya ji nake rubutawa. Wanda yake son a cire, ya nema a gaban kwamiti, shi ma in rubuta."

Yana fita na tafi wurin shugabarmu. Ta sa aka buga kwafi goma sha shida na bayanan zaman da sunayen a ciki, kowane ɗan kwamiti ɗaya, ɗakin karatu ɗaya, kafin a tashi aiki.

Kwamiti ya kaɗa ƙuri'a, tara da shida, rahoton ya je zauren majalisa. An dakatar da mutanen uku, an miƙa maganar ga masu bincike, an kuma ce daga yanzu ba za a ƙona ko buhu ɗaya ba sai odita yana tsaye. Shugaban kwamiti har rediyo ya shiga yana cewa shi ya tono abin. Ogan Auta ya warke sarai. Ni an mayar da ni ɗakin tsofaffin fayil, a nan zan ƙarasa watannina. Akwai fanka, akwai taga, kada ki tausaya mini. Fansho kuma Allah yana nan.

Jiya aka kira shaidu su duba bayanansu kafin bugu na ƙarshe, aka hawo da ni don ni na rubuta. Auta ta bi layi kamar kowa, ta zauna gabana, ta fara karanta shafukan bayaninta goma sha tara tana bin layi da yatsa. A shafi na huɗu ta tsaya. Ta juyo da takardar, ta ce a hankali don kada na bayanta ya ji, "Baba, ɗari shida da arba'in na ce. Ka rubuta ɗari shida da huɗu."

Na kunna rikoda. Gaskiyarta. Na gyara a gabanta, ta sa hannu, ni ma na sa a ƙarƙashin nata. Ta yi mini godiya irin ta ofis ta fita, na ce wa na gaba ya ba ni minti biyu in goge tabarau.

Ki dawo haka nan, Malama. Akwai sauran labari da yawa, kuma ina so in ga fuskarki lokacin da kike ji. Ki shafa mini kan jikana, ki gaida iyayensa.

Mijinki, uban odita,
Akawu