Laimar da Na Riƙa wa Rediyo

Zuwa ga sanyin idona, iskar da ke riga hadari isowa, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, inuwar da nake mafarki idan rana ta take a gareji! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, da fatan fushinki ya fara saukowa ko da taki ɗaya.

Tun ranar Lahadi nake kiran wayarki, ta yi ta kuka har ta gaji. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga takarda, ita ba ta da wurin kashewa.

Kin tuna yadda muka fita? Jar motar nan ta maigidana marar rufi, wadda na daɗe ina sake mata wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni aronta na yamma guda, tamfol ɗinta kuwa yana wurin mai ɗinki. Kina gefena, iska na wasa da mayafinki, kina bin waƙar rediyo a hankali, kin ɗauka ba na ji. Wace tsuntsuwa ce ta taɓa rera abin da ya kai wannan? Sai hadari ya haɗo. Ɗigon farko ya faɗa kan gilashin agogon gudu. Na taka birki, na zaro laima daga ƙarƙashin kujera, na buɗe. Na ga kin matso, kin sunkuyar da kai kina murmushi, kina jira. Ni kuwa, kaico, na kifa ta a kan dashbod, mazaunin rediyo da agogo!

Wallahi, furen zuciyata, hannu ne ya riga hankali. Abin da aka fara koya mana a sana'ar wutar mota ke nan: ruwa ba ya kashe waya ranar da ya shiga. Ta gefen maɓallan rediyo yake bi, ya kwanta bayan agogo ya yi lamo. Sai an manta da shi ka ga bakin waya ya yi kore, fitila na ƙifta ido, hon na kuka shi kaɗai. Ke ma ranar ba ki ce uffan ba. Kin matse gefen mayafinki, kin share fuska da bayan hannu, har kika taya ni riƙe laimar da iska ta so fizge ta. Wannan shirun naki nake tsoro, don na san abin da ke biyo bayan irinsa.

To ga abin da na yi. Na auna dashbod da igiya, na kai wa mai ɗinkin tamfol, ya ɗinka masa hula mai roba a baki, ana ɗaure ta a sitiyari. Na shafe bakin kowace waya da giris. Abokan aikina suka sheƙa mata bokitin ruwa don gwaji, rediyo na ta waƙarsa a ƙasa ko tari bai yi ba. Yanzu duk garejin angon rediyo suke kira na, har mai shayin bakin ƙofa. Na haƙura, ni na jawo.

Daga yau rediyo ya samu hularsa, laima taki ce ke kaɗai. In ma hular ta yage, ya sha ruwansa, maigida ya yi faɗansa. Waya in ta ƙone, a yanke a jona. Ke fa, hasken safiyata, a wane shago zan samo irinki?

Yayarki ta ce mura ta kwantar da ke. Sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi! Maigida ya yarda ya sake ba ni motar ranar Lahadi mai zuwa, amma ba zan karɓi makulli ba sai na ji daga gare ki. Gobe da yamma zan kira. Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗaga kawai, ko atishawa ce ki yi mini, ta ishe ni.

Naki ne ni, da rani da damina, har ranar da ruwa zai daina jiƙa mutum,

Mai gyaran wutar mota.