Layin da Babu Kowa

Vénissieux, 3 ga Yuni 2011

Yaya Chaibou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Anti Batula, ina kasuwar Château Rouge? An sa ranar sutanans ɗina. Alhamis 16 ga wata, ƙarfe biyu, zan kare aikin doktora gaban malamai a nan Lyon. Kowa da danginsa yake zuwa. Baba ya rasu, Inna tana Maradi, kai kaɗai gare ni. In na waiga ban gan ka ba, wallahi muryata ɗaukewa za ta yi. Don Allah ka hau jirgin ƙasa.

Ƙanwarka,
Rékia

Paris, 8 ga Yuni

Rékia,

Muna lafiya. Jirgin ƙasa? Ni da na shekara bakwai ina jan mota tsakanin Maradi da Zinder? Da motata zan zo, har da kilishi. Peyaji kuwa, shingen biyan kuɗin hanya, ba yau na fara ganinsa ba.

Yayanki

Vénissieux, 18 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Alhamdu lillahi, 'yarki ta zama dokta. Amma ji abin da ɗanki ya aikata.

A peyajin shiga Lyon ya tarar layuka sun cika, ɗaya ne wayam, da harafin "t" a samansa. Wai shi a ganinsa "tafi" ake nufi! Alhali layin masu baji ne, 'yar na'urar da ke ɗage musu sanda ba tsayawa. Sanda ta ƙi motsi. Ya danna maɓalli, murya ta amsa, sai ya kama: "Sannu da aiki, ina gajiya, ina iyali?" kamar yana gaban mai igiyar tare motoci a hanyar Tessaoua. Motoci suka jeru bayansa ana ta zuba oda.

Ni kuwa biyu ta wuce, kujerarsa ba kowa, sai waige-waige nake. Ba a kuma fara ba, don shugaban malaman bai iso ba. Biyu da rabi sai ga shi yana gumi, yana ba da haƙuri, wai wani ne ya tare shi a peyaji. Bayansa Yaya ne, da kilishi a hammata. Suka kalli juna, dattijon ya fashe da dariya.

Allah ya ƙara miki lafiya.
Rékia

Paris, 25 ga Yuni

Dokta,

Na ji kin kai ƙarata Maradi. Ba komai. Amma kada ki gaya wa Inna na yi kuka da aka kira sunan Baba bayan naki.

Yayanki