Wayoyin Zayyanu a Ɗakin Shinkafa

Litinin, 4 ga Maris, 2002

Ɗana Zayyanu ya kwaso matattun kwamfutoci uku da aka yi gwanjonsu a wani ofis, ya jibge mini a ɗakin ajiyar shinkafa. Wai zai haɗa su da waya su riƙa aika wa juna saƙo, babbar tana ba ƙananan izini. Na ce wanda ya gama foliteknik ya dawo wasan yara. Na riga na yi wa yayana Tamba alkawari: ƙarshen wata zai tafi da shi Augie, kula da albasa. Zaman banza ke lalata ɗa.

Asabar, 9 ga Maris

Da hannunsa ya lalata abin da ya gyara jiya, ya zauna yana sake gyarawa. Almubazzaranci.

Alhamis, 14 ga Maris

Zayyanu yana da gwajin aiki a Argungu ran 25, wurin masu haɗa kwamfutocin ofisoshi. Yau yana masallaci na shiga shara. Wayoyi birjik kamar saƙar gizo, ga ɓera. Na zare su duka, na naɗe, na ɗaure da tsumma, na rataye a ƙusa. Tsaf.

Da ya dawo ya daɗe a bakin ƙofa. "Inna, mi kinka yi haka?" Na ce tsabta na yi. Bai ci tuwo ba. Ni ma ban ci sosai ba, zafi ne.

Asabar, 16 ga Maris

Sai yau kwamfutocin suka tashi. Ya fito jiƙe da zufa yana dariya, wai bai taɓa koyo irin na kwanakin nan ba, don in shi ya ɓata ya san inda ya taɓa. "Inna, ki riƙa ɓata min kullum, kar ki faɗi wuri." Na ce ni ba abokiyar wasanka ba ce.

Lahadi, 17 ga Maris

Na sassauta waya ɗaya bayan babbar kwamfutar. Kafin in gama wanke-wanke ya gano.

Alhamis, 21 ga Maris

Na musanya wayoyi biyu masu kama da juna. Har la'asar yana lalube. Na leƙa ta taga. Gwiwoyinsa sun yi kanta don durƙuso.

Talata, 26 ga Maris

Ya dawo daga Argungu. Sun ce sai wata mai zuwa za a ji, masu nema da yawa.

Da hantsi Tamba ya zo da motar albasa. "To, ina ma'aikacin namu?" Na ce yana da aiki. Ya ce wane aiki, an ɗauke shi ne? Na ce Yaya, ka nemi wani bana. Tunda nake ban taɓa tashin maganata da shi ba. Ya tafi bai sha furar da na kawo masa ba.

Ba wai na yarda da abin ba ne. Gobe dai zan gwada ɓata masa 'yar akwatin nan mai ƙyafta fitilu da wayoyin ke shiga cikinta, ban taɓa taɓa ta ba.