Gishirin Uwata

Zuwa ga Maigida marubucin labaran majigi, a kamfanin da nake wa shara a Kalifoniya.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne baƙin nan mai tsintsiya, mutumin Lafiya, wanda zuba gawayi a jirgin ruwan Ikko ya kawo ƙasarku shekara bakwai ke nan. Na rubuta da harshenmu, abokina zai juya maka, a manna a ƙofar kamfani kowa ya gani.

Na farko. Bara ka tarar da ni tsaye da tsintsiya ina kallon banza, ka tambayi abin da nake gani. Na ce garin Awe na wajen Lafiya nake gani da sassafe: fili fari fat, mata na tace ruwan gishiri, tururi na tashi daga tukwane har ba ka ganin ƙafar mutum, kamar a kan gajimare suke tafiya. A cikinsu akwai uwata, Falmata. Ka ba ni shayi, ka saurara kwana uku. Tun zuwana ba wanda ya taɓa saurarona haka, ban manta ba.

Na biyu. Ka tambaya ko za ka iya ƙari a labarin. Na ce a wurinmu ana ƙara wa labari gishiri, ba laifi. Ka yi dariya, har ka rubuta.

Na uku. Ranar Asabar na shiga na kalli majigin da ka yi da labarin. Ga tukunya, ga tururi, ga wata mace da aka shafa wa baƙi tana juyawa. Amma guba take dafawa don kashe Bature, kuma rubutun da ya fito a allo ya ce: Falmata mayya. Maigida, ƙarawa na ce. Kai ka kwashe gishirin gaba ɗaya.

Ba zan zalunce ka ba, ka iya aikinka. Yadda matar ta kare fuskarta da gwiwar hannu daga tururi, haka na nuna maka, haka Iya take yi. Ba ni da hotonta, ban kuma san ko tana raye ba. Yanzu in na lumshe ido na nemo ta a filin nan, mayyarka ce ke waiwayo ni.

Roƙona guda ne. An ce majigin zai ƙetare teku. Kafin nan, a canza allon nan ɗaya, a cire sunanta. In ya gagara, a bar sunan, a rubuta cewa gishiri ne a tukunyar. Rabin Lafiya sun ci miya da shi.

Allah ya ƙara wa alƙalaminka albarka, ya kuma tsare sunan taka mahaifiyar daga hannun masu iya rubutu.

Wassalam.

Ɗan Falmata mai gishiri.